Kishin Namiji Hujja Ne?

A shekara ta 1604 aka nuna wasan Othello na Shakespeare a fadar sarkin Ingila. Othello babban jarumi ne na birnin Fenis, aka tura shi tsaron tsibirin Kubrus, ya tafi da amaryarsa Desdemona. Wani sojansa, Iyago, ya dinga zuba masa magana a kunne, wai matarsa tana neman Kasiyo. Shaidar da ya kawo kuwa, hankici ne kawai da aka gani a hannun Kasiyo. Othello ya mari matarsa a gaban baƙi, daga baya ya shaƙe ta a kan gadonsu.

To, laifin wane ne? Masu kallo da yawa sukan ce na Iyago ne. A 1904 malamin adabi A. C. Bradley ya kwatanta Othello da mutum mai daraja wanda aka ruɗa. Othello ma, kafin ya kashe kansa, ya roƙa a tuna da shi kamar wanda ƙauna ta yi wa yawa. Amma a 1927 T. S. Eliot ya lura cewa a wannan jawabi mutumin yana lallashin kansa ne.

Mai karatu, ka tambayi zuciyarka. Me ya sa muke jin tausayinsa? Domin Desdemona ba ta yi laifi ba, ya kashe ta bisa kuskure. Ashe ke nan a ɓoye mun yarda cewa da ta yi laifin, da kisan ya yi daidai. Nan ne cutar take. Ko da zargin gaskiya ne, ran mace ba dukiyar mijinta ba ne. Iyago ya yi ƙarya, amma hannun da ya shaƙe ta na Othello ne. Ya ba abokin aikinsa kunne, matarsa ta roƙi jinkirin dare ɗaya ya hana ta.

Abin baƙin ciki, Desdemona da kanta ta rufa masa asiri. Tana bakin mutuwa ta ɗora wa kanta laifin. Emiliya, matar Iyago, ita ce ta tona gaskiya, mijinta kuwa ya soke ta har lahira. Mata biyu sun mutu a hannun mazajensu, duk da haka hawayen masu kallo a kan namiji yake zuba.

Mu ma muna da irin wannan magana: ai namiji ne, zuciya ce ta ɗebe shi, zuga shi aka yi. Mu tuna da Yusufu, mijin Maryamu. Shi ma ya ga abin da zai sa shi zargi, amma ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce don kada ya kunyata ta. Namiji yana iya riƙe fushinsa. Idan muka ba wanda ya ƙi riƙewa hujja, 'ya'yanmu maza suna ji, za su kuwa koya.