Hadari Ya Taso: Tsoro da Tsammani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan uwa, kwanakin nan kowa ya ji a jikinsa. Ka yi wanka, kafin ka sa riga gumi ya sake jiƙa ka. Dare ya yi, ɗaki ba ya kwantuwa. Wannan ita ce bazarar Kurmi. A gida Arewa sai Mayu ko Yuni ake sa ran ruwa ya zauna, amma nan Ibadan tun Maris hadari ke fara haɗuwa. Iska mai laima ce ke tasowa daga Tekun Atlantika, rana ta dafa ta, ta yi sama ta zama baƙin gajimare. Shi ya sa ruwan farko yakan zo da guguwa da tsawa, galibi da yamma, kuma sau da yawa daga gabas.

Allah Ya saukar da sura guda da sunan tsawa, wato Suratur Ra'ad, sura ta 13. A cikinta Ya sanar da mu cewa Yana nuna mana walƙiya domin tsoro da kuma tsammani. To, mu mun riƙe tsammanin mun saki tsoron. Da mun ga gari ya yi duhu sai murna, za a sha iska. Amma Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa idan Manzon Allah (SAW) ya ga hadari ko iska, fuskarsa takan canza, ya shiga ya fita, sai ruwa ya sauka hankalinsa ke kwanciya. Da ta tambaye shi dalili, sai ya tuna mata Adawa, waɗanda suka hango gajimare suka ɗauka ruwa ne, ashe azaba ce. Idan mafificin halitta bai yi sakaci da hadari ba, ni da kai fa?

Wani zai ce, "Malam, ai in kwana ya ƙare ya ƙare." Gaskiya ne. Amma Annabin da ya koya mana tawakkali shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Kuma Abdullahi ɗan Abbas ya taɓa sa ladaninsa ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu ranar Juma'a saboda ruwa da taɓo. Addinin da ya sassauta maka jam'i don lafiyarka ba zai ce ka tsaya a fili kana gadin tire ba.

Yawancinmu a waje muke neman abinci: ɗan acaɓa, mai tura baro, mai shayi, maigadi, da masu dabbobi a kara. Don haka a riƙe wannan. In ka ji tsawa, to tana iya kaiwa gare ka. Ƙarar tsawa na cin kusan kilomita 1 a daƙiƙa 3. In tsakanin walƙiya da ƙarar bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin bai fi kilomita 10 da kai ba. Shiga gini mai bango ko mota mai rufin ƙarfe. Kada ka fake gindin bishiya, ko jikin falwaya, ko ƙarƙashin allon talla. Rumfar kwano mara bango tana tare ruwa ne kawai. Bayan tsawar ƙarshe ka jira minti 30. In ka ga wayar lantarki a ƙasa, kada ka matsa, ka kuma kori yara. Fasinja ɗaya bai kai ranka ba, akwai masu jiran aikenka a gida.

Sai wata magana mai nauyi. Mun taso muna jin cewa aradu ɓarawo take faɗa wa, ko mai rantsuwar ƙarya, har wasu su ƙi taɓa wanda ta sama. Jama'a, wannan camfi ne. Babu wutar da ke saura a jikinsa. Ɗan uwanka ne da ke buƙatar taimako nan take. In numfashi ya tsaya a danna ƙirji, a garzaya asibiti. Barinsa a yashe zalunci ne, zarginsa kuma mummunan zato ne.

Dattawan Sabo ba su manta da ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, matasa kuma sun ga ta watan Agusta 2011. Sharar da ta toshe hanyar ruwa na cikin abin da ya ƙara munin ɓarnar. Kwatar da ba a yashe yanzu ba, ita ce za ta shigo ɗaki da damina. Cire abu mai cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma ruwa ba ya tambayar Bahaushe ko Bayarabe. Gobe bayan asuba kowa ya fito da shebur, a haɗa kai da maƙwabta. Mai rufin da ya saki ya nemi kafinta tun kafin iska ta nema masa.

Ya Allah, Ka ba mu alherin wannan damina, Ka tsare mu daga sharrinta, mu da iyalanmu na nan da na gida. Amin.