Ladan Wa, Laifin Wa?

A ƙofar wani sabon ɗakin karatu na wata jami'a a Amurka na ga faifan gilashi kafe a bango, ɗauke da tambarin LEED, matakin zinariya. Tsari ne da ƙungiyar USGBC ta ƙirƙiro don auna tattalin wuta da ruwa da makamantansu a gine-gine. Maki 60 zuwa 79 cikin 110 shi ne zinariya. Ina cikin yaba ginin sai na gane cewa sanyin da ke ratsa ni ba a cikinsa ake haɗa shi ba. Ta bututun ƙarƙashin ƙasa yake zuwa, daga tashar sanyaya ruwa guda mai ciyar da gine-gine da dama, sababbi da tsofaffi.

Ƙa'idar ta san da irin wannan tarayya. Ta yarda jami'a ta gabatar da harabarta a matsayin fili ɗaya, a duba kayan haɗaka sau ɗaya, kamar magudanan ruwan sama da fitilun waje, sannan duk ginin da aka kawo neman shaida ya gaji makin. Da farko na ɗauki abin cin gumin wani ne. Daga baya na sauko. Wanda ya tashi a gidan gandu ya san ba a tambayar yaro kunya nawa ya nome kafin a miƙa masa tuwo. Da an hana rabon, da kowane gini ya ware nasa don neman suna, a ɓarnatar da abin da ake son tattalawa.

Ɗaya gefen ne ya ƙi kwanta mini. A gandu, idan fari ya zo, yunwar ta kowa ce. Nan kuwa sau da yawa jami'a ce ke zaɓen ginin da za ta kai a gani, kamar mai talla da ke jera manyan mangwaro a saman tire. Tsohon ɗakin kwanan ɗalibai da ke bayan ɗakin karatun, mai tagogin da iska ke kurɗawa ta gefensu, daga tashar nan yake zuƙa, wataƙila fiye da kowa, amma babu mai rubuta masa laifi. Ba a yi ƙarya ba. Kowace lamba da ke takardar gaskiya ce. Abin da nake tambayar kaina shi ne ko ya halatta a raba lada alhali ba a raba alhaki ba.

Kafin in tafi na zaga na nemo tashar. Ƙofar ƙarfe ce rufe, bangonta babu faifai, sai ƙugin injuna daga ciki.