Alƙalin da Bai Ci Hanci Ba, Amma Ya Halaka

'Yan uwa, hadisin Buraida da Abu Dawud ya ruwaito ya kasa alƙalai gida uku. Wanda ya san gaskiya ya yi hukunci da ita ɗan Aljanna ne. Wanda ya san ta ya karkace, da wanda ya yi hukunci cikin jahilci, makomarsu wuta. Wallahi na ƙarshen nan ya fi ba ni tsoro, don ƙila ko sisi bai taɓa karɓa ba.

A 2001 kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa. A watan Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallame ta, daga cikin dalilanta har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki. Doka ɗaya kotunan biyu suka karanta, kuma ran mutum ne ya rataya a kan fahimtarsu. Ban ce alƙalin farko ɗan wuta ne ba, domin mai ilimi idan ya yi ijtihadi ya kuskure yana da lada.

To kai da ake kawo wa rikicin gona ko gado a Kurya Madaro, ai alƙalanci kake yi. Ka ji ta bakin kowane ɓangare, abin da ba ka sani ba ka mayar wa masana. Allah Ya tsare mu da zalunci.