Wa Ya Biya Kuɗin Littafin?

A cikin wasan kwamfuta mai suna Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a 2011, akwai wani dattijon masani, Septimus Signus, da ya bar gari ya tare a kogon ƙanƙara can ƙuryar arewa. Abin da ya zaunar da shi wani ƙaton akwatin ƙarfe ne na mutanen da, wanda ya yi imani zuciyar wani abin bauta ce a cikinsa. Ya daɗe yana gadinsa, kuma hankalinsa ya taɓu. Kai mai wasa kai ne ɗan aikensa. Akwatin ba ya buɗuwa sai da jini, don haka zai ba ka wata na'ura ya ce ka ɗebo masa jinin ƙabilu biyar daga gawarwakinsu.

Kana shirin fita sai Hermaeus Mora, aljanin sani na wannan duniyar, ya tare maka hanya. Ba ya ɓoye-ɓoye, zai faɗa maka cewa da zarar an buɗe akwatin dattijon ya gama amfani, kuma yana so ka gaje shi. Haka kuwa ake yi. Ka kawo jini, akwati ya buɗe, babu zuciya, sai wani tsohon littafi, Oghma Infinium. Nan take dattijon zai zama toka. Kai kuma ka ɗauki littafin ka karanta, ƙwarewarka ta ƙaru, littafin ya ɓace.

Mun saba da wata irin tambaya game da littattafan asiri: shin mai karantawa zai tsira? Duk wanda ya taso kusa da zauren malamai ya ji yadda ake jan kunne kan Shamsul Ma'arif, wai wanda ya buɗe shi ba da izini ba zai iya zarewa. Wannan tsoro ne na kare kai, kuma ba shi da wuyar warwarewa. Wanda ya ji tsoro ya bari. Abin da ya tsaya mini a rai a labarin Septimus shi ne mai karatun ko ƙwarzane bai samu ba. Wani ne ya biya, kuma an sanar da kai tun kafin ka ɗebo jinin farko.

Za a ce ai wasa ne, babu wanda ya mutu. Gaskiya ne. Amma mu da muke aikin rediyo mun san wannan akwati. Mutum zai kira ka, murya na rawa, ya ba ka labarin da zai girgiza gari. Ka san in ka sa shi a iska masu sauraro za su ƙaru da sani, sunanka zai fito, ka kuma san a ofishinsu mutum biyu kaɗai ke da wannan takarda. Ya ce ya yarda. To yardar wanda bai hango abin da kai ka hango ba, yarda ce?

A ganina sanin da ka riga shi samu shi ne ke ɗora maka nauyi, ba jinin da ka ɗebo ba. Ɗan aiken da bai sani ba yana da uzuri. Wanda aljani ya yi wa bayani dalla-dalla ba shi da shi.

Sai dai ƙin komawa ma ba tsarki ba ne. In ka watsar da aikin, Septimus na nan da ransa, amma a cikin sanyi, yana gadin zuciyar da babu ita, yana jiran ɗan aiken da ya san gaskiya ya ƙi dawowa ya faɗa masa. Ni na zaɓi in bar shi a raye, kuma duk lokacin da na buɗe jerin ayyukana a wasan, aikinsa yana nan a rubuce ba a kammala ba.