Hukuncin Abin da Kyamara Ba Ta Nuna Ba

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, muhawarar addini a kan fim ɗin Hausa ta fi karkata ga abin da ido ke gani ƙuru-ƙuru, wato sutura da rawa da cuɗanyar maza da mata. A kan waɗannan ne Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi sa ido, bayan da Shari'ar da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar a Zamfara a 1999 ta bazu zuwa wasu jihohi. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce namiji ba ya taɓa mace ko da a labarin matarsa ce, kuma keta ta ne ya sa ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon wata waƙa.

Sai dai wannan ma'auni yana auna hoto ɗaya-ɗaya ne, alhali ma'anar fim tana samuwa ne a mahaɗar hotuna, wato inda edita ya yanke wannan ya manna masa wancan. Lev Kuleshov na Rasha ya tabbatar da haka fiye da shekara 100 da suka wuce, lokacin da ya jera fuska guda wadda ba ta motsa ba da kwanon miya, da akwatin gawa, da wata mace, sai 'yan kallo suka ga yunwa da baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta sake ba. Daraktan Hausa ya iya wannan dabara ko bai taɓa jin sunan Kuleshov ba: a nuna ango ya ɗaga labule, a nuna takalmansa kusa da na amarya a bakin ƙofa, fitila ta mutu, sai carar zakara. Babu wanda ya taɓa wani, babu abin da mai tacewa zai cire, amma ɗan kallo ya kammala sauran a zuciyarsa. Tambayar ita ce, wa ke da alhakin hoton da ba a ɗauka ba?

Malaman fiƙihu sun daɗe da irin wannan matsala a babin magana, inda suka raba lafazi bayyananne da ta'arili, wato a faɗi wani abu ana nufin a fahimci wani, abin da Bahaushe ke kira hannunka-mai-sanda idan na alheri ne, gugar zana idan na suka ne. Aya ta 235 a Suratul Baƙara ta halatta ta'arilin neman aure ga macen da ke takaba, alhali bayyana shi ƙarara haramun ne. Amma a babin ƙazafi Imamu Malik ya wajabta haddi a kan wanda ya yi shaguɓen da kowa ya gane cewa zina yake jingina wa wani, saɓanin Abu Hanifa da Shafi'i waɗanda ba su tsayar da haddi a kansa ba. Ke nan sakaya magana yana iya zama ladabi, yana kuma iya zama hanyar aikata laifi a ɓoye, kuma a Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, ana duba abin da mai sauraro ya fahimta ne tare da manufar mai magana.

Idan aka yi kiyasi da wannan, takalman da ke bakin ƙofa kunya ce, domin sun sanar da aure ya tabbata suka kau da ido. Irin wannan ladabi Moustapha Akkad ya bi a fim ɗin Ar-Risala na 1976, inda bai nuna Annabi (SAW) ba, bai kuma sa masa murya ba, sai 'yan wasa ke fuskantar kyamara suna magana. Akasin haka shi ne waƙar soyayya da aka cika duk sharuɗɗan sutura a cikinta, amma kyamara ta matso ta bi jikin jaruma a hankali, edita kuma ya riƙa yankowa zuwa idon jarumi. A nan an bi doka a zahiri an rusa manufarta, kuma laifin ya fi rataya a wuyan darakta da edita fiye da 'yar wasan da aka saba hukuntawa.

Gajeren fim, wanda mintunansa kaɗan ne, ya fi dogara da wannan giɓi da ɗan kallo ke cikewa, ga shi kuma yana yawo daga waya zuwa waya ta hannun masu turi a kasuwanni irin ta Talata Mafara ba tare da ya bi ta gaban kowace hukuma ba. Kowa kuwa da abin da ya sani yake cike giɓin. Rugugin babura da dare a bayan fage, wanda darakta a Kano ya sa don ƙawata fim ɗin 'yan daba, wani abu ne daban a kunnen mutumin Gidan Goga ko sauran ƙauyukan Maradun da suka sha hare-haren 'yan bindiga, domin shi ya san abin da ke biyo bayan wannan ƙara, don haka darakta yana iya fama masa ciwo ba tare da ya nuna ɗigon jini ba.