Abin da salatif ya rufe

Idan aka haɗa keken lantarki a gida ko a gareji, ido yana tafiya ne kan injin da ke cikin ƙafar baya, da akwatin batir, da gudun da keken ke yi idan an murza. Amma tsakanin batir da kwantirola (na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji), da tsakanin kwantirola da inji, akwai wurare da dama da aka haɗa bakin waya da bakin waya, aka naɗe da baƙin salatif ko aka zura cikin robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Daga ranar da aka rufe su babu mai sake ganinsu. Ran da gobara ta tashi daga ɗayansu, kalmar da ke riga kowace zuwa bakinmu ita ce tsautsayi, sai a ƙara da cewa ba ya wuce ranarsa. A ganina, a yawancin irin wannan gobara ana ɗora wa kalmar kayan da ba nata ba, kuma addinin da ake fakewa da shi bai yarda da hakan ba.

Ruwa ba ya tsami banza, waya ma ba ta zafi banza. Injin wat 1000 da ke shan wuta daga batir mai bolt 48 yana jan kusan amfiya 21. Zafin da ke taruwa a mahaɗi kuwa yana bin ƙa'ida sananniya: idan wutar da ke wucewa ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Mahaɗin da aka murɗa da yatsa ba a matse shi da abin matsewa ba, ko aka ɗiga masa dalma ba ta shiga cikin silin wayar ba, yana iya samun turjiya ta om 0.05. A ido wannan ba komai ba ne, amma idan amfiya 20 ta bi ta wurin sai ya fitar da zafin wat 20 a gurbin da bai wuce ƙwayar wake ba, kusan ƙarfin ƙaramin ƙarfen narka dalma. Roba ta yi laushi, girgizar hanya ta ƙara sassauta mahaɗin, turjiyar ta ƙaru, zafin ya ƙaru, har ranar da jar waya ta taɓa baƙa. Batirin da aka jera da ƙwayoyin litiyam 13 a layi yana kai bolt 54.6 idan ya cika, kuma idan babu fiyus kusa da shi, babu kuma allon kariya mai aiki, yana iya zubo wutar da ta haura amfiya 100 nan take. Shi ya sa masu sana'ar suka tsaya kan wasu ƙa'idoji: filogi irin XT60 ko XT90 da aka yi don babbar wuta, ɓangaren da ƙarfensa ke ɓoye a cikin rami ya kasance a wajen batir, kaurin waya ya dace da wutar da za ta ɗauka, fiyus ya zauna dab da batir. Duk wannan an san shi kafin a kunna keken. Abin da aka san hanyarsa tun daga farko har ƙarshe, da wuya a kira shi abin da ya faɗo daga sama.

Shari'a ta daɗe da sanin matsalar aikin da ido ba ya kaiwa. Imam Muslim ya ruwaito labarin mai sayar da hatsi wanda Annabi (SAW) ya zura hannu cikin tarinsa ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake, ya tuhume shi don me bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. Laifin mutumin bai tsaya ga jiƙewar hatsin ba, domin ruwan sama ne ya jiƙa shi. Ɓoyewar ce ta jawo masa tuhuma. Wayar da aka yi da alminiyom aka shafa mata jan ƙarfe a baya, ana sayar da ita da sunan tagulla zalla alhali ba ta ɗaukar wutar da tagulla ke ɗauka, ita ce jiƙaƙƙen hatsin wannan zamani, salatif kuwa shi ne busasshen da aka baza a sama. Malaman Malikiyya sun tafi nesa da haka. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su suka tafi da su inda mai kaya ba ya gani, kuma Shaɗibi ya kawo wannan hukunci a matsayin misalin maslaha. Gaskiya ne hukuncin yana magana ne kan ɓacewa ko lalacewar kayan da aka damƙa wa mai sana'a, amma dalilinsa ya shafi maganarmu kai tsaye: wanda ya keɓe da aiki shi kaɗai ya san abin da ya faru, don haka nauyin ya fi dacewa da wuyansa.

Mai ja zai ce ai komai rubutacce ne, kuma akwai kekunan da aka haɗa da kyau suka ƙone, akwai na ganganci da suka shekara lafiya. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa zama hujjar kuɓuta daga lamuni ba, in ba haka ba da babu diyya a kisan kuskure, alhali ajalin mamacin ma rubutacce ne. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da mutanensa daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya ba shi misalin makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma hakan bai hana a san wane zaɓi ne na mai hankali ba. Wanda ya sa fiyus da wanda ya ƙi sawa duk suna cikin ƙaddara, hisabinsu ne ya bambanta. Tsautsayi na gaskiya shi ne ragowar da ta saura bayan an yi abin da ya kamata, kuma wannan ragowar ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada ta da yawan lokutan da muke ambaton kalmar.

Hujjar talauci ta fi wannan nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, neman abin hawa da ba ya shan mai ya zama lalura ga mutane da yawa, kuma mai neman sauƙi shi ne ke matsa wa makanike ya rage kuɗi. To amma a duba inda ake ragewar. Fiyus da filogi mai kyau da ɗan guntun waya mai kauri ba su kai komai ba kusa da kuɗin batir da inji. Sau da yawa abin da ake tsimi shi ne minti goma na haƙurin matse mahaɗi da gwada shi. In kuwa dole sai an yi amfani da kaya mai rauni, mafita tana cikin labarin hatsin nan: a faɗa wa mai keken, ya saya da saninsa.

Saura wanda ya haɗa wa kansa, ya ce ransa ne, kuma bai san waɗannan ƙa'idoji ba. Ransa ma amana ne a hannunsa, balle keken da ake yi wa caji da dare a zaure ko a bakin ƙofar ɗaki, inda iyali ke barci kuma maƙwabta ke jingine da katanga ɗaya. A birnin New York na Amurka, batiran litiyam sun haddasa gobara 268 a shekarar 2023, mutum 18 suka mutu, a shekarar kuma hukumar birnin ta hana sayar da kekunan lantarki da batiran da ba su da shaidar gwaji. Rashin sani kuma ba ya wanke mai shiga aikin da bai iya ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da ilimin ba, lamuni yana kansa. Ban ga bambanci tsakanin mai allura da mai ƙarfen dalma a nan ba, tunda kuskuren kowannensu a jikin wani yake sauka.

Don haka mai ba da aikin keke ya nemi a nuna masa kowane mahaɗi kafin a naɗe shi, ya tambayi inda fiyus yake. Makaniken da ya ji haushin wannan tambaya, a karɓe aikin a kai wa wani.