Dokin Tangaran a Falo da Dokin Yumɓu a Gona

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, Bahaushe da doki sai Allah. Ko a nan Kafanchan, inda jirgin ƙasa ne ya kawo da yawa daga cikin kakanninmu, in Sallah ta zo aka ce Sarkin Jama'a zai hau, yara ba sa zaman gida. To wanda ba shi da halin ɗaure doki a turke, sai ya sayi na tangaran. Za ka gan shi a sho-gilas na amarya tare da farantai da kofuna, ko a kan talabijin, ya ɗaga ƙafafun gaba kamar zai yi sukuwa. Wani sabo ne daga Sin, wani kuma tsoho ne da ya zo cikin kayan gwanjo. Tambaya biyu ce ta taso a kan wannan: shin ya halatta a yi ado da shi? Kuma irin na da, wanda ake tonowa a ƙasar nan da muke zaune, ya halatta a yi cinikinsa?

Mu fara da na falo. Malamanmu na Malikiyya sun ce surar da aka haramta ita ce wadda ta haɗa abu uku: ta zama surar mai rai, ta zama mai jiki da ke yin inuwa, kuma gaɓoɓinta su cika. Dokin tangaran ya haɗa duka ukun. Hadisi kuma ya inganta cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da irin wannan sura. Amma an yi sauƙi ga kayan wasan yara. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga wani doki mai fukafukai biyu cikin 'yan tsanan Nana A'isha, ya tambaye ta, ta ba shi amsa da dawakan Annabi Sulaimanu, ya yi dariya bai hana ta ba. Kun ga bambancin ke nan. Abin wasa yaro ke jansa a ƙasa, yau yana tsakar gida, gobe yana ƙarƙashin gado. Na sho-gilas kuwa ɗaga shi ake yi, a goge shi, a hana yara taɓawa.

Wani zai ce, Malam, wa zai bauta wa dokin tangaran a zamanin nan? Gaskiya ne, ba wanda ya saya da wannan niyya, kuma akwai malaman da suka duba haka suka sassauta, kamar Shaihu Muhammad Abduh na Masar wanda ya rasu a 1905. Sai dai mafi yawan malamai sun tsaya kan hani, don shari'a takan toshe hanya tun kafin a kai ga ɓarna. Ibn Abbas ya bayyana cewa gumakan da aka ambata a Suratu Nuh sunayen mutanen kirki ne. An kafa musu siffofi don tunawa kawai, sai da waɗanda suka kafa suka shuɗe, ilimi ya gushe, sannan jikoki suka mayar da su abin bauta. Wasu malaman tafsiri ma sun ce Ya'uƙ siffar doki gare shi.

Saboda haka mafi tsarkin hanya shi ne a sauke shi. Amma maigida, a bi a hankali. Sau da yawa wannan doki uwarta ce ta saya mata cikin kayan ɗaki, ko ƙawa ta ba ta gudummawa. Kada ka dawo daga masallacin Juma'a ka shiga fasa mata kaya kana faɗa, ka gyara abu ɗaya ka ɓata goma. Ku zauna ku yi magana. Mai son doki yana da abin ado da ba wanda zai ce masa komai: tsohon linzami, likkafar tagulla, sirdin da aka yi wa aiki. Waɗannan ai sun fi nuna tarihinmu a kan abin da aka zubo a masana'anta.

Tambaya ta biyu ta fi shafar 'yan kasuwa. A duniya akwai masu tara tsofaffin dawakan tangaran, suna zuba musu kuɗi masu yawa. Daga cikin waɗanda suka fi daraja a wurinsu akwai na daular Tang ta Sin, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, kuma daga kaburbura aka fito da su, don tare da manyan mutane ake binne su. Wannan kasuwar ce ta miƙo hannu har ƙasar da muke takawa. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kan yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. A 1943 aka sami wani kan a yankin Jama'a, har wanda ya ɗauke shi ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka fara aiki a yankin a 2005, sun nuna cewa an fara yin waɗannan siffofi wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Da darajarsu ta tashi a Turai, sai haƙar sata ta barke, musamman a shekarun 1990. A shekarar 2000 an baje wasu a gidan tarihi na Louvre a Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Cikin abin da ake nunawa a waje da sunan Nok akwai siffar mahayi a kan dabbar da ake cewa doki ce. Da masana ne suka tono irin wannan a inda yake kwance, da ya taimaka wajen gane yaushe doki ya iso ƙasar nan. Ɓarawo kuwa yakan fizge abin ne ya watsar da ƙasar da ke ba da shaidar shekarunsa, kuma wannan asara ba ta mayuwa.

Mai shiga ƙauyuka sayen citta ko masara yana iya haɗuwa da wanda zai ja shi gefe ya buɗe masa buhu. Zuciya za ta ce, ai gunki ne, in raba ƙasar da shi in kuma ci riba. Wannan lissafi bai tsaya ba. Da farko, hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna Annabi (SAW) ya haramta sayar da gumaka a shekarar buɗe Makka. In ka kira shi gunki, ka haramta wa kanka kuɗinsa da bakinka. Na biyu, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma hana fitar da su waje. Mai saye ya san ta bayan gida kayan suka biyo. Na uku, kasuwar cike take da jabu, ana harhaɗa gutsattsari da sabon yumɓu a ce tsoho ne. Ko dai a cuce ka, ko kai ka cuci na gaba.

Haka kuma ba hurumin kowa ba ne ya ɗauki guduma ya ce zai fasa. Sahabbai sun shiga Masar tare da Amr bn al-As, kuma ga gine-gine da sassaƙen Fir'aunoni nan har yau. Alƙur'ani ya yi ta umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Abin da ke gidan tarihi shaida ce ta mutanen da suka rayu, suka yi noma, suka narka ƙarfe, suka wuce ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu. Mai hankali in ya tsaya gabansa wa'azi yake ɗauka. Ban da haka, maƙwabtanmu mutanen Ham suna ɗaukar Nok abin alfaharinsu. Garin nan ya ga tashin hankali isasshe, kuma kowa ya san yadda ƙaramar magana ke zama wuta. Ranar da aka ce Bahaushe ne ke kwashe tarihin ƙasar yana sayarwa, ba shi kaɗai zai biya ba, har da mai shayi da mai kanti da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Falonka naka ne, kai da iyalinka za ku tsarkake shi bisa abin da kuka gamsu da shi na addini. Abin da ke kwance a gonar maƙwabci kuwa amana ce, ba ka da ikon sayar da shi, ba ka da ikon fasa shi. In an kawo maka, ka ce ba ka saye, ka shawarci mai shi ya sanar da dagaci ko ma'aikatan gidan tarihi da ke Nok ko Kaduna. Ribar citta ta halal ko kaɗan ce ta fi albarka.

Allah Ya tsarkake gidajenmu da dukiyoyinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba mu Juma'a mai albarka. Wallahu a'alam.